Yadda Ake Ƙera Ɗan Mutum-mutumin Sojan da Ya Ji Rauni a Yaƙin Bama

Duk wanda ya zauna a Kaduna ya ji sunan barikin Dalet da na Kalapanzin. Mutumin Zariya ya san Chindit, a Legas kuma ga Myohaung da Arakan. Sunayen nan daga Yaƙin Duniya na Biyu suka samo asali, daga ƙasar Bama wadda yau ake kira Myanmar, inda sojojin Afirka ta Yamma na rundunar RWAFF (Royal West African Frontier Force, ta zamanin mulkin mallaka) suka yaƙi Japan a ƙarƙashin Birtaniya. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, ta 82 ta bi yankin Arakan, suka haɗu a Myohaung a watan Janairun 1945. Da yawa daga cikinsu 'yan Arewa ne, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa bataliyoyin Najeriya. Amma idan ka duba 'yan sojojin roba da kamfanoni ke sayar wa masu sha'awar haɗa su, galibi Jamusawa ne da Amurkawa da Ingilishi. Wanda yake son ganin kakanninmu a cikin wannan fasaha, sai dai ya ƙera da hannunsa.

Abin da za mu ƙera a nan soja ne da harsashi ya same shi a cinyar hagu, ya ɗora hannu a kafaɗar abokinsa, suna fitowa daga bakin rafi. Kafin mu fara, batun yin surar mai rai yana da magana a wurin malamai, wannan kuma fagensu ne. Wanda abin ya tsaya masa a rai ya tambayi malaminsa tukuna.

Ma'auni da kayan aiki

Na zaɓi ma'aunin 1/35 don shi ne ya fi yawa a harkar, kuma ana samun bindigogi da kawuna da takalma na roba a wannan girman idan mutum ya buƙata. Lissafin mai sauƙi ne: komai ka raba shi gida 35. Mutum mai tsawon santimita 175 zai koma milimita 50. Kansa zai zama kimanin milimita 6 da rabi, tafin hannunsa har ƙarshen yatsu milimita 5 da rabi, takalminsa kusan milimita 8 da rabi. Bindigar Lee-Enfield da suka riƙe tsawonta kusan santimita 113 ne, wato milimita 32. Zana mutum a tsaye a kan kwali da waɗannan awo, ka ja layi a kafaɗa da ƙugu da gwiwa, ka ajiye kwalin a gabanka har ka gama aikin. Mahaɗar ƙafafu tana daidai rabin tsayi, milimita 25 daga ƙasa. Gwiwa tana wajen milimita 14.

Kayan aikin ba su da yawa. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 1 ko ƙasa kaɗan, wadda za ka samu idan ka feɗe guntun wayar lantarki. Ƙaramar filaya, reza sabuwa, allura da ka soke a jikin tsinke ta zama tana da mariƙi, tsinken sakace guda uku ko huɗu da ka fiƙe bakinsu iri daban-daban, hoda, basilin, kofin ruwa, gam mai kamawa nan take, da guntun katako da za ka kafa aikin a kai.

Sai ƙullun da ake ginawa da shi. Mafi dacewa shi ne ifoksi mai kashi biyu, wanda ake cuɗa su wuri ɗaya su sandare da kansu. Milliput da Magic Sculp da na kamfanin Tamiya duk suna yi. Milliput yana ba ka kamar awa ɗaya kana sarrafa shi, ya yi tauri cikin awa uku zuwa huɗu, amma a zafin bazara irin namu lokacin yana raguwa sosai, don haka kada ka kwaɓa abin da ya fi ƙwayar gyaɗa a lokaci ɗaya. Ka guji ifoksin toshe bututu da ake sayarwa a shagunan kayan gini, wanda ke kamawa cikin 'yan mintuna; kafin ka daidaita kafaɗa ɗaya ya zama dutse. Ifoksi yana sa wa wasu ƙaiƙayi a fata, saboda haka ka wanke hannu da sabulu bayan kwaɓi, kada kuma ka jiƙa tsinke da yawun bakinka. Ga ruwa nan a kofi.

Ƙashin waya da tsayuwa

Nan ne aikin yake. Idan ka kuskure a nan, babu fenti ko bandejin da zai gyara.

Yanke waya biyu masu tsawon santimita 10, ka murɗe su tare a tsakiya tsawon milimita 15. Wannan murɗin shi ne ƙashin baya. Ƙasan su rabu su zama ƙafafu, ka bar rarar santimita ɗaya a ƙarƙashin kowace diddige don kafawa a katako. Saman su buɗe su zama kafaɗu da hannaye, faɗin kafaɗar wayar kada ya wuce milimita 10, domin tsoka da riga za su ƙara masa. Soka wata 'yar waya a saman murɗin ta zama wuya. Ɗora duka a kan kwalin awonka, ka sa alama a gwiwa da gwiwar hannu, ka lanƙwasa da filaya a daidai alamar kaɗai. Ƙashin mutum ba ya lanƙwashewa a tsakiyar cinya. Wayar da aka tanƙwara da yatsa takan yi baka, ƙafar ta fito kamar ta roba. Yi wa abokin nasa irin wannan.

Yanzu ka ɗora ƙullu kaɗan a wuri biyu kawai: ƙirji da kwatangwalo, ka bar tsakaninsu waya tsirara don ka iya murɗa ƙugu. Bar su su bushe.

Sojan farko da na taɓa yi, na tsayar da shi ƙyam a kan ƙafafu biyu, sannan na kwarara masa jan fenti daga cinya har takalmi. Wani dattijo a unguwarmu da ya daɗe yana aikin jinya ya ɗauke shi ya juya, ya ce mini a iya aikinsa bai taɓa ganin wanda ƙafarsa ta ji irin wannan ciwo ya yarda ya taka ta haka ba. Daga ranar na daina neman rauni a wurin jini. Jiki ne ke faɗin ciwo, ta yadda yake gudun ɗora nauyi a inda ke masa zafi.

Saboda haka ka tashi ka gwada da kanka. Kira ƙaninka ko abokinka, ka ɗora hannun hagu a kafaɗarsa, ka ɗage ƙafar hagu har yatsu kaɗai ke taɓa ƙasa, wani ya ɗauke ku hoto da wayar hannu ta gaba da ta gefe da ta baya. Za ka ga abubuwan da tunani ba zai ba ka ba. Ƙafar dama mai lafiya tana miƙewa ta dawo ƙarƙashin tsakiyar jiki. Kwatangwalon ɓangaren ciwo yana zubowa ƙasa. Kafaɗar hagu tana ɗagawa sama saboda hannun da ke rataye a wuyan abokin, haƙarƙarin wannan gefe ya miƙe, na ɗaya gefen ya tattare. Kai yana sunkuyowa, haɓa ta nufi ƙirji. Hannun dama, wanda babu abin da yake yi, da kansa yake neman cinyar ya dafe.

Abokin ma ka lura da shi, don shi ne shaidar nauyin. Yana buɗe ƙafafu fiye da mai tafiya shi kaɗai, yana tura kwatangwalonsa ya tokare na majinyacin, jikinsa na sama ya karkata ɗaya gefen don kada su faɗi tare. Hannunsa na dama ya zagaya ƙugun ɗan'uwansa ya damƙi bel, na hagu ya riƙe wuyan hannun da ke kafaɗarsa. Shi idonsa yana kan hanya.

Lanƙwasa wayoyin biyu su bi hoton, ka kafa su tare a katako ɗaya, ka haɗa su jiki da jiki tun yanzu. Kada a ga haske tsakanin kwatangwalonsu. Juya katakon a hankali ka duba ta kowace fuska. Wata dabara da ke taimaka mini ita ce haska su da tocila a jikin bango in kalli inuwar: idan inuwar kaɗai ta nuna wane ne ke ɗauke da wane, tsayuwar ta yi. Idan ba ta nuna ba, ka ƙara kwana ɗaya a kanta, babu asara. In ka gamsu, ka cike ƙugu da gaɓoɓi da ƙullu don su tsaya cak.

Tsoka, sannan tufafi

Raba su biyu ka yi wa kowa aikinsa, amma ka riƙa mayar da su wuri ɗaya kana gwadawa. Lulluɓe wayar da ƙullu siriri: cinya, ƙwauri, damtse, wuya. Ka yi su a rame. Mutanen nan sun yi watanni suna hawa da sauka a tsaunukan daji, abincinsu jirgin sama ne ke jefo musu, ga zazzaɓin cizon sauro da atini. Ban da haka, tufafi za su ƙara kauri, kuma kuskuren kowane sabon hannu shi ne soja ya fito kamar an hura shi.

Ƙa'idar da ba a karyawa: ka yi wuri ɗaya, ka bar shi ya bushe, sannan ka taɓa wani. In ba haka ba babban yatsanka zai lotsa abin da ka ɓata awa kana yi. Daga ƙasa ake farawa, takalma tukuna, sai wando ƙafa ɗaya bayan ɗaya, sai riga.

Don yin wando, barbaɗa hoda a kan leda, ka murza ƙullu da jikin biro har ya yi fale-fale, ka naɗa a ƙafar, ka shafe mahaɗin da jiƙaƙƙen tsinke. Jira kamar minti 20 ya ɗan yi ƙarfi kafin ka fara zana tattarewar yadi. Tattarewa ba ado ba ce da ake watsawa ko'ina. Tana tasowa ne daga inda yadi ya ja ko ya matse: bayan gwiwa, mahaɗar ƙafafu, hammata, da ƙarƙashin bel. Kakin da suka sa a dajin kore ne na auduga, kullum a jiƙe da gumi ko ruwan rafi, jiƙaƙƙen yadi kuwa mannewa yake a cinya da baya, ya yi 'yan layuka sirara masu kaifi. Kada ka manta inda hannun abokin ya damƙi bel: rigar ta tattaro wajen, ta ɗan zaro daga cikin wando. A ƙarshe ka shafe da burushi mai laushi da ka ɗan taɓa a ruwa ko basilin, sawun yatsa ya ɓace.

Wurin raunin

Kowane sojan Birtaniya a lokacin yana ɗauke da ƙunshin bandeji na taimakon farko, auduga ce mai kauri haɗe da ɗamara. Wanda zai ɗaure rauni a cinya yakan tsaga wandon ne don ya kai ga wurin. To ka bar cinyar hagu ba wando daga sama da gwiwa zuwa tsakiyarta, ka sa fale-falen ƙullu biyu su zubo gefe da gefe kamar yadin da aka keta, ka ɗan yayyage bakinsu da allura. Ɗora ɗan curi mai faɗin milimita 3 a inda harsashin ya shiga, shi ne audugar. Sai ka yanko zirin ƙullu mai faɗin milimita 2 ka naɗa zagaye uku ko huɗu, kowane zagaye ya hau rabin na baya, a karkace ba a jere ba, domin a cikin gaggawa aka ɗaura. Yi ƙulli a gefen waje da bakinsa biyu suna reto. Danna naɗin ya ɗan nutse cikin naman, tsokar ta ɗan tasa sama da ƙasansa, a ga ɗaurin ya kama.

Wasu suna amfani da takardar tishu da aka jiƙa da farin gam na kafinta, ita ma tana yin kyau, har ta fi ba da kamannin yadi. Ni dai ba na ƙera buɗaɗɗen rauni. Mutumin nan ɗan wani ne, kuma bandeji ya isa ya gaya wa mai kallo abin da ya faru.

Fuska da hannaye

Kai a kan tsinke daban ake yin sa. Mulmula ƙullu kamar ƙwai mai tsawon milimita 6, ka bar shi ya bushe, shi ne ƙoƙon kai. Sai ka ɗora fatar fuska siririya. Idanu suna daidai rabin kai, ba sama ba. Lotsa gurbinsu da tsinke mai dunƙulen baki, ka ɗora ɗan ɗigo ya zama hanci, ka faɗaɗa ƙofofinsa, ka sa zare biyu na ƙullu su zama leɓɓa. Idan ka sayi kan roba na Bature, sai ka cika masa leɓe da hanci, ka kankare gashin ka sa sabo kana tsattsaga shi da bakin allura.

Kada ka wangale masa baki yana ihu. Wanda ya daɗe da ciwo yana tafiya ya gaji da ihu. Ka matso da girarsa wuri ɗaya su ɗan ɗaga ta tsakiya, idanu a runtse rabi, kumatu a faɗe, baki a ɗan buɗe yana neman numfashi, jijiyar wuya ta fito a gefen da kan ya juya. Da yawa daga samarin da aka ɗauka soja a wancan zamani suna da zane a fuska, kuma ja biyu ko uku da bakin allura a kunci kafin ƙullun ya bushe yana mayar da shi mutum mai gari da dangi. Malafar daji mai faɗin baki ita ce hularsu. Ka bar ta a kan abokin, shi majinyacin tasa ta faɗi a hanya.

Hannaye a wurinsu ake gina su, bayan ka manne mutanen biyu da gam. Ɗora ɗan faifan ƙullu a kafaɗar abokin, ka tsaga shi da reza sau uku ya ba da yatsu huɗu, ka ƙara babban yatsa. Hannun majinyaci a sake yake, yatsun suna reto. Na abokin a damƙe, gaɓoɓin yatsu sun fito.

Ɗamarun kayan soja kuwa, yanko su daga gwangwanin lemo ko takarda mai kauri: bel milimita 1 da rabi, na kafaɗa ƙasa da milimita 1 a inda suka sirance. Abokin ya rataya bindigogi biyu, tasa da ta ɗan'uwansa, ga adda a ƙugu. Wannan ƙaramin abu ne, amma duk mai kallo yana gane ma'anarsa.

Fenti

Wanke aikin da ruwan sabulu don cire basilin, ka goge inda ya yi kaushi da takardar goge katako mafi laushi, a jiƙe don kada ka shaƙi ƙurar. Shafa fentin share fage mai ruwan toka, siriri. Zai tona duk wata tsaga da sawun yatsa. Ka cike, ka sake shafawa. Fentin akirilik ake amfani da shi, a tsinka shi da ruwa kamar madara, a shafa sau biyu ko uku. In lokacin hunturu ne, kife kwano a kan aikin duk sanda ka ajiye burushi, don ƙura ba ta jin kunyar ɗanyen fenti.

Baƙar fata ba da baƙin fenti ake yin ta ba. Fara da ruwan ƙasa mai duhu da ɗan ja a ciki, ka zurfafa inuwa da ɗigon shuɗi, ka haska goshi da karan hanci da saman kunci da ruwan ƙasa mai haske. Ga inda za ka bambanta mutanen biyu: wanda ya zubar da jini, fatarsa takan yi toka-toka ta dushe, leɓɓansa su yi fari-fari a bushe. Ƙara ɗan ruwan toka a fentin fuskar majinyaci, ka bar ta abokin da ɗuminta. Tafin hannu ya fi bayansa haske, kada ka manta. Ɗan shafin fenti mai sheƙi a goshi da wuya zai ba da gumi.

Kakin kore ne da rana da wanki suka kashe, ka haɗa shi da ruwan toka da ɗan rawaya, ka sa na mutum biyun su ɗan bambanta. Duhunta tsakiyar baya da hammata da ƙafar wando daga gwiwa zuwa ƙasa, inda rafi ya jiƙa.

Jini shi ne na ƙarshe, kuma kaɗan. A kan koren yadi jini ba ja yake fitowa ba, kusan baƙi ne. Haɗa ja mai duhu da ruwan ƙasa, ka tsinka, ka bar shi ya bi gefen tsagar wandon ya gangara layi ɗaya zuwa gwiwa, ta inda nauyi zai ja shi. Bandejin kada ya zama fari fat, ka karya shi da ruwan ƙasa. A tsakiyar audugar ka ɗiga ja mai duhu, gefensa ya koma ruwan ƙasa kamar wanda ya fara bushewa, sai ɗigo ɗaya tak na ja mai sheƙi, irin X-27 na Tamiya, a can tsakiya. Shafa kaɗan a yatsun abokin, tunda shi ya yi ɗaurin.

Dandamalin da za su tsaya

Katako mai faɗin santimita 6 ya isa. Gina gangaren bakin rafi da ragowar ƙullu ko filasta, ka barbaɗa ƙasa da ka tankaɗe a kan farin gam. Kafin ya bushe ka danna ƙafafunsu a ciki su ɗan nutse, na abokin su fi zurfi. Gorar daji ana yin ta da tsinken tsintsiya: zagaya zare siriri a kowane milimita 8 ya zama gaɓa, ka yi fenti kore mai rawaya, ka yanko ganye daga takarda. Sanda uku ko huɗu a bayansu sun wadatar, kada su rufe fuskokin.

Huda ramuka biyu ko uku da ƙusa, ka zura rarar wayar diddige da gam. Ɗauki laka irin ta dandamalin ka shafa a takalma da gwiwar abokin, inda ya durƙusa lokacin da yake ɗaure cinyar. Sannan da bakin tsinke ka ja sawu a bayansu: cikakkun sawu uku, biyu na abokin ɗaya na ƙafar dama, sai a gefe dogon layi mara zurfi inda kan takalmin hagu ya ja ƙasa.